Gurbin da Na Cike a Waƙar Baba

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi min barka da dawowa sai ta ce in ba ta labari, ina cikin bayarwa wata ta yi sallama, in sake komawa farko. Ƙawayena da muka yi ajin yaƙi da jahilci tare suka ce tunda har yanzu ina riƙe biro, in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. To ga shi na zauna. Zan sa har da abin da nake tsallakewa in ina ba da labarin a tsakar gida, don na lura kunya ta fi sauƙi a takarda.

Bari in fara da abin da ya kai ni. Mahaifina mutumin Nangere ne. Yana saurayi ya bi motar shanu zuwa kudu, daga can ya tsallaka Kwatano, ya yi shekaru yana dako a tashar jirgin ruwa. A zamaninsu ne 'yan dako suka yi wani dogon yajin aiki, bayan kaya sun karya wani daga cikinsu, masu kamfanin suka ƙi waiwayar iyalinsa. Da aka sasanta Baba ya dawo gida ya yi aure, aka haife ni a nan Potiskum. Abin da ya dawo da shi biyu ne, ciwon baya da waƙoƙi shida na bakin aiki, waɗanda suka riƙa rerawa a lokacin yajin. Ina 'yar shekara tara ya rasu.

Ɗana na fari sunan Baba ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Tela ne a unguwar Ngojin, magidanci mai 'ya'ya biyu, amma tun yana ƙarami hannunsa ba ya rabo da gurmi. Wata rana ya ji ina rera ɗaya daga cikin waƙoƙin ina tankaɗe, ya zauna ya ce sai na koya masa duka. Ta farkon ga yadda take:

Jirgi ya zo, ba namu ba ne,
Buhu ya sauka, ba namu ba ne,
Gadon bayan nan, shi kam namu ne.

Da na zo koya masa sai na tarar bayan kowane layi akwai gurbi. Kiɗan yana tafiya a kaina, amma babu kalma ko ɗaya a wurin. Haka a duka shidan. Na ce shi ke nan, na zubar da rabin gadon ubana. Kunya ta hana ni faɗa wa ɗana, sai na cike guraben da abin da ya zo bakina: "Yi haƙuri ɗan'uwa, yi haƙuri." Da ya tambaye ni, na ce haka Baba yake yi.

Shekara biyu Abba yana aikin waƙoƙin nan, yana tashi daga kan keken ɗinki ya wuce situdiyo. Da ya gama, sai wani direban motar shanu ya ba shi labarin cewa har yanzu akwai sauran tsofaffin da suka yi yajin nan a unguwar Zango ta Kwatano, ya haɗa shi da 'yar ɗaya daga cikinsu, Hajiya Rabi. Abba ya zo ya same ni ya ce, "Umma, ba zan saki ko ɗaya ba sai masu ita sun fara ji. In suka ce ba tasu ba ce, wallahi gogewa zan yi. Kuma da ke za mu, ke ce 'yar abokinsu." Tuwon da na tuƙa ran nan duk gudaji ne.

Mun tashi bayan asuba zuwa Kano, a can muka shiga babbar mota mai zuwa Legas. Abba ya ƙi yarda a sa gurminsa cikin kaya, ya naɗe shi da zane ya ɗora a cinya. Kwandasta ya duba ya ce, "Malam, jaririn nan an yi suna kuwa?" Kusa da ni wata Bayarabiya ce mai sarin wake, kowa Iya yake ce mata, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta leƙa Abba ta ce, "Mama, wannan naki ne? Makaɗi ne? Ya yi aure?" Na ce har da 'ya'ya. Ta ce, "To alhamdu lillahi, ashe kiɗan bai gama da shi ba." Ita ta zama uwar ɗakina a hanyar nan. Duk inda aka tsaya ita ke nuna min inda mata ke kama ruwa da inda za a yi salla. Bayan mun haye gadar Jebba ta sayo mana tuwon garin doya, baƙi wuluk, da miya mai yauƙi. Na tsaya ina kallonsa, ta ce, "Ci, ba ƙonewa ya yi ba, haka Allah ya yi shi." Na ci, kuma ba laifi, sai dai barkonon ya sa na yi ta share ido da bakin hijabi.

Sau biyu a motar nan na buɗe baki zan faɗa wa Abba gaskiya. Na farko na juya na gan shi yana gyangyaɗi, hannunsa a kan gurmin. Na biyu na ce, "Abba," ya ce, "Na'am Umma," na ce ya miƙo min ruwa.

A Agege muka kwana, gidan ɗan ƙanin maigidana. A nan na buɗe jaka na ga ɓarnar da na yi wa kaina. Na ɗauko wa masu masaukinmu tsaraba, kuka da daddawa da man shanu a roba, ashe jakar a gefen inji aka ajiye ta. Man ya narke ya bi atamfar da na ware don ranar taron. Matar gidan ta wanke min ita sau uku, tabon ya fita, ƙamshin ya ce yana nan.

Washegari muka kama hanyar Badagiri zuwa kan iyaka. Ni da na ji ana cewa boda, na ɗauka wata katanga ce da ƙofa. Ashe kasuwa ce guda, ga masu canji, ga masu turin baro, kowa na jan hannun kowa. Aka ce a fito da takardar tafiya da katin rigakafi. Takarda ga ta, kati babu. Na zazzage jakata a gaban mutane, Abba yana cewa, "Umma ki nutsu, ki tuna." Can na tuna na ɓoye shi a cikin kwanon daddawa don kada ya ɓata. Ma'aikacin ya karɓa da yatsa biyu, ya shinshina, ya dubi abokin aikinsa, suka yi dariya, ya buga hatimi.

A ɗaya ɓangaren wani jami'i mai jin Hausa ya sa Abba ya kwance zanen ya ga mene ne a ciki. Da ya ga gurmi ya ce sai an taɓa masa. Abba ya ɗan kaɗa, ya rera ta farkon nan, har da "yi haƙuri ɗan'uwa." Wani ɗan kasuwa a bayanmu cikin layi ya ɗaga murya ya ce, "Ai haƙurin muke yi tun safe, a sallame mu!" Kowa ya yi dariya. Ni kam ban iya ba.

Daga inda mota ta sauke mu a Kwatano sai acaɓa. Masu acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, kuma yawansu ya fi ƙarfin ido. Matan garin kuwa sai ka ga mace ta hau, goyo a baya, daro a ka, ko riƙewa ba ta yi. Ni rabona da hawa babur tun kafin keke mai ƙafa uku ya cika Potiskum. Na damƙe rigar mutumin nan har wuyan ya shaƙe shi. Yana ta yi min magana da Faransanci, ni kuma duk abin da ya ce sai in ce "to." Da muka sauka ya nuna wa Abba wuyansa.

Hajiya Rabi mace ce mai jiki da fara'a, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Ta rungume ni, ta ja numfashi, ta ce, "Bon, Maman Abba, ke da shigowa na ji ƙamshin arewa." Haka Hausarsu take, ba a fara magana sai an ce "bon." Ita a can aka haife ta, ba ta taɓa wuce Ilori ba, amma in ta ce "gida" arewa take nufi. Gidansu babba ne, na haya, ɗakuna a jere. Rijiyarsu ta ba ni mamaki: guga ba ya nisa, ka sunkuya ka hango fuskarka kusa, ba irin namu da sai ka ja igiya har hannu ya yi zafi ba. Sai dai ruwan da ɗan gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa sosai, kuma in ka yi shanya da safe har yamma da danshinta. Da safe dogon burodi suke ci, mai tauri kamar sanda, ciki kuma laushi. Da rana kafa, wato daskararren kamun masara, da soyayyen kifi da niƙaƙƙen ɗanyen barkono. Da na miƙa mata kukar da na kawo, sai ta kira maƙwabta su zo su gani, a ranar aka kaɗa miya har gida uku.

An sa taron bayan la'asar a tsakar gidan. Aka shimfiɗa tabarmi, tsofaffi biyar suka zo, biyu da sanda, ɗaya sai da aka riƙo shi. Babbansu shi ne mahaifin Hajiya Rabi, Baba Alasan, idonsa ya yi rauni amma kunnensa garau. Sai Baba Tanko, ba haƙori ko ɗaya, ba ya minti biyu bai tsokani wani ba. Na durƙusa na gaishe su. Baba Alasan ya ce, "Ke ce 'yar Dogo?" Ashe haka suke kiran Baba. Ya ce, "Ni ne ƙaraminsu a ƙungiyar. Na taɓa yin zazzaɓi, ubanki ya ɗauki kayansa ya ɗauki nawa, kwana uku, don kada a kore ni." Na koma tabarmar mata na zauna.

Abba ya haɗa wayarsa da 'yar sifika ya kunna. Gurmi ya fara, muryarsa ta shigo: "Jirgi ya zo, ba namu ba ne." Wallahi kafin layin ya ƙare ƙafafun tsofaffin nan sun fara dukan ƙasa tare, kamar mutum ɗaya. Sai ga "yi haƙuri ɗan'uwa." Ƙafafu suka tsaya. Layi na biyu suka sake ɗauka, haƙuri ya sake shigowa, suka sake tsayawa. Ba a kai ƙarshen waƙa ta biyu ba Baba Alasan ya ɗaga hannu.

"Tsayar da ita, jikana. Wa ya sa haƙuri a nan?"

Abba ya ce, "Haka kakana yake yi, Baba."

"Dogo?"

Baba Tanko ya karɓe, kuma wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Yaro, ka san maganar wa ke nan? Ɗan aiken kamfani. Kullum safiya sai ya zo bakin ƙofa da farar rigarsa, ku yi haƙuri ku koma, ku yi haƙuri ku koma. Waɗanda suka ci amanarmu suka koma aiki, su ma abin da suke ce mana ke nan."

Baba Alasan ya girgiza kai ya ce, "In dai Dogo ya koma gida yana waƙar haƙuri, to ba Dogon da na sani ba ne. Wannan ba tamu ba ce."

Na ga Abba ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu ya zare wayar daga sifikar. Aikin shekara biyu ke nan zai tafi, ga kuma sunan ubana na ɓata shi a gaban abokansa, yana kabari. Ni ba mai magana a gaban maza ba ce, ko a gidana. Amma na ji muryata ta fito.

"Baba, ni ce."

Kowa ya juyo. Na ce, "Ba shi ya sa ba, ni na sa. Ina ƙarama ya rasu. Da na zo koya wa yaron nan na tarar na manta abin da ke bayan kowane layi, na ji kunya, na cike da nawa, na ce na mahaifina ne. Yaron bai sani ba sai yanzu."

Abba bai dube ni ba. Hajiya Rabi ta ɗora hannunta a bayana. Sai Baba Alasan ya ce, "'Yata, yi min ita yadda kika ji ta a bakinsa. Kada ki ƙara, kada ki rage. Inda babu, ki bar shi babu."

Na rera da 'yar muryata. "Jirgi ya zo, ba namu ba ne." Na yi shiru a gurbin. A cikin shirun nan tsofaffi biyar suka sauke kafaɗa lokaci ɗaya, suka riƙe numfashi, sannan suka sake shi da wani ɗan nishi. Na yi layi na biyu, suka sake. Kafin in kai na uku Baba Tanko ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ba ki manta komai ba, 'yar nan! Ko ɗigo! Rabi, akwai buhu a gidan nan?"

Aka jawo buhun masarar Hajiya Rabi daga ɗaki. Baba Tanko ya kira magidanta biyu cikin masu haya, ya sa kowanne ya kama kunne biyu na buhun, ya ce wa Abba, "Zo nan, tela. Juya baya, sunkuya. Za mu ba da waƙa, in an zo wurin haƙurinka ka rera mana shi da ƙarfi." Tsofaffi suka ɗauki waƙa, mutanen nan biyu suna lilo da buhun daidai da kiɗan. Layi na ƙarewa suka sakar masa shi a gadon baya. Abba ya buɗe baki, abin da ya fito "hik" ne kawai. Gidan nan gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har matan da ke leƙe ta taga.

Baba Alasan ya ce, "Ka gani? Wurin ɗaukar kaya ne. Ba mai waƙa buhu na sauka a bayansa. Waƙar ita ke gaya wa masu ɗagawa lokacin saki, shirun kuma na mai ɗauka ne." Ya ɗan numfasa, ya ci gaba. "Da muka shiga yaji, sai mu taru a bakin ƙofar tasha mu rera ta. In an zo wurin nan, maza cike da fili, hannu a sake, ba mai motsi, ba buhun da ya tashi. Su da ke ciki sun san me ya kamata a ji a wurin. Shirun nan ya fi duk abin da muka faɗa yi musu ciwo."

Yana faɗin haka wani abu ya dawo min, wanda fiye da shekara hamsin ban tuna ba. In Baba yana rera mana waƙar nan, yakan riƙe ni a hammata yana lilo da ni, in layi ya ƙare sai ya ɗaga ni sama ya ɗora a wuyansa. Ni dariya nake yi a wurin, shi ya sa ban taɓa jin babu kalma ba. Na faɗa musu, ina kuka ina dariya. Baba Alasan ya ce, "Wannan kam Dogo ne."

Abba ya sauke buhun, ya durƙusa ya ce, "To Baba, in goge?"

"Ka goge me? Muryarka ta yi, gurminka ya yi. Ka cire haƙurin, ka bar mana shirunmu, ka kai ta duk inda kake so."

Baba Tanko ya ce, "Kuma ka ƙara mata sauri. Da wannan tafiyar taka ta angwaye, ai jirgi sai ya shekara bai gama sauke kaya ba."

Da mutane suka watse, kafin a kira magariba, Abba ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin da aka sauke ni. Na ce, "Abba, ka yafe ni." Ya daɗe yana murza bayansa inda buhu ya sauka. Ya ce, "Umma, shekara biyu wurin nan yana yi min nauyi a baki, na ɗauka ni ne ban iya ba." Na ce laifina ne. Ya ce, "Ko da kin bar shi, ni da kaina zan cike shi da kiɗa, don ni ma zan ɗauka rami ne. Kuma da ba wanda zai tashi ya ce shi ne ya sa, kamar yadda kika yi. Ki daina kuka, Hajiya za ta ce na yi miki wani abu." A ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Mun ƙara kwana uku. Kullum da hantsi tsofaffin suna zuwa, Abba ya ajiye waya a tsakiyar tabarma, a bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, suna yi masa gyara, suna musu a tsakaninsu kan wa ya fi tunawa. Ran ƙarshe Hajiya Rabi ta kai ni na hango tashar daga waje. Yanzu wasu dogayen injuna ne ke ɗaga akwatunan ƙarfe, ban ga mutum ɗaya da buhu a baya ba. Hanyar dawowa kuwa ba ni da labarinta, don barci na yi ta yi har Kano.

Satin da ya wuce Abba ya kawo min sabon ɗaukan a waya, kafin ya saki. Ina saurare a tsakar gida maƙwabciyata ta shigo aron turmi. Ta tsaya ta ji layi ɗaya, ta ji shiru, ta ji na biyu, ta ji shiru. Ta ce, "Maman Abba, wayar nan taki ta lalace, sai yankewa take yi. Kawo in duba miki."

Na ce, "Bar ta. Kaya ake ɗauka."